Yadda Ake Tsabtace Ɗakin Kaji da Kula da Shimfiɗarsa a Cikin Gida

Kusan kashi uku cikin huɗu na kashin kaza ruwa ne. Babbar kaza mai ƙwai tana zubar da giram 100 zuwa 150 na kashi a yini, don haka ɗakin da ke da kaji 30 yana karɓar kilo uku zuwa huɗu da rabi kullum. Lita biyu zuwa uku na ruwa ke nan ake kwararawa a ƙasa, ban da wanda ke zubewa daga mazubin ruwa. Aikin shimfiɗa, wato busasshen buntu ko ɓawon katako da ake bazawa a ƙasan ɗakin, shi ne ta tsotse wannan ruwa, aikin iska kuma ta ɗauke shi ta fitar. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya gaza, sai zarni ya tashi, ƙudaje su taru, zawon jini ya shigo. Duk matakan da za a zayyana a nan abu guda suke nema, wato ƙasan ɗakin ya zauna a bushe.

Za a yi lissafi da ɗaki mai mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, da kaji 30. Mai ƙaramin akurki sai ya rage gwargwadon nasa.

A fara duba ɗakin

Babu shimfiɗar da za ta bushe a ɗakin da ke yoyo. Kafin a sayi ko buhu ɗaya, a duba rufin, a toshe duk ƙofar ƙusa da ke jikin kwanon. Bakin rufin ya zarce bango da aƙalla santimita 60, musamman ta gabas, domin ta nan hadari ya fi tasowa a ƙasar Hausa, kuma ruwan da iska ke kaɗowa ta raga shi ne ke jiƙa rabin ɗaki a dare ɗaya. Ƙasan ɗakin ya ɗara tsakar gida tudu da santimita 15 zuwa 30, a kuma ja 'yar kwata a kewaye. Daɓen siminti ya fi, saboda yana wankuwa. Daɓen ƙasa ma yana yi, sai dai yana da nasa hukuncin idan an zo babban wanki.

Cunkoso kuwa ba shi da magani sai ragi. Manyan kaji uku zuwa huɗu ne a kowane murabba'in mita idan a kulle suke wuni. Wanda ya cusa 60 a ɗakin 30 zai yi ta canza shimfiɗa kowane mako, kuma ba zai rabu da wari ba.

Me za a shimfiɗa

Buntun shinkafa shi ne mafi sauƙin samu a wurare da yawa, musamman garuruwan shinkafa irin su Kura, Haɗeja da Argungu, inda yake tule a bayan injinan casa. Bai kai ɓawon katako tsotse ruwa ba, amma yana saurin bushewa, ba ya saurin dunƙulewa, kuma kaji na jin daɗin tona shi. A nemi tsantsar buntu mai kaushi. Wanda ya gauraya da lallausar dusa, kaji za su yi ta cinsa, ɓeraye kuma su biyo.

Ɓawon katako, wato wanda injin goge katako ke fitarwa a nannaɗe, yana tsotse ruwa sosai, ga laushi a ƙafa. Kada a rikita shi da garin katako na bakin zarto. Garin ƙura ne da shi, yana shiga hanci da ido, 'yan tsaki na ɗaukarsa abinci su cika ciki da shi, idan kuma ya jiƙe sai ya daskare. In babu yadda za a yi sai shi, a sa wa manyan kaji kaɗai, a gauraya shi da buntu rabi da rabi. A tambayi mai injin ko katakon an yi masa maganin gara ko fenti. In an yi, a bar masa kayansa.

Ɓawon gyaɗa da totuwar masara da aka farfasa duk suna aiki, da sharaɗin sun bushe ƙayau. Haɗarinsu funfuna. Ɓawon da ya sha ruwan sama a masussuka ya sake bushewa yana ɗauke da ƙwayoyin funfunar da ke kama huhun 'yan tsaki, ka ga ɗan tsako yana buɗe baki yana haki, kuma maganin ƙwayoyin cuta da aka saba bayarwa ba ya yi masa komai. A tura hannu tsakiyar buhun a shinshina. In an ji warin ruɓa ko an ga baƙi-baƙi ko kore-kore, a bar shi ko kyauta ne.

Ciyawa da karan hatsi sai an datsa su guntu-guntu, kamar tsawon ɗan yatsa. Dogaye kwanciya suke yi su rufe laima a ƙarƙashi, sama a bushe, ƙasa kuwa ruɓa. Sun fi dacewa da wurin saka ƙwai. Yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa yana da kyau a ƙaramin akurkin kaji biyar zuwa goma, ga sanyi a bazara, sai dai dole a riƙa tace kashin da rariya kullum, kuma takinsa ba shi da daraja a wurin masu lambu. Ƙaiƙayin gero kuwa a bar shi, ƙura da ƙaiƙayinsa sun yi yawa ga kaza da mai shara baki ɗaya.

Kauri: santimita 8 zuwa 10 ga manyan kaji, santimita 5 ga 'yan tsaki. A ɗakinmu na misali, kaurin santimita 8 na cin kusan lita 720, wato manyan buhunan hatsi biyar zuwa shida a cike. A sayi ƙarin biyu a ajiye a kan katako inda ruwa ba ya taɓawa. Yawancin masu kuka da wari, in aka duba, shimfiɗarsu ba ta fi kaurin yatsa biyu ba. Irin wannan cikin kwana uku take ƙoshi da ruwa.

Aikin kullum da na mako

Kaso mai yawa na kashin kaji da dare yake zuba, a ƙarƙashin sandar da suke hawa su kwana. Wanda ya tare wannan ya rage rabin wahala. A kafa sandar a tsayin santimita 50 zuwa 60, kowace kaza ta sami santimita 20 zuwa 25, sannan a shimfiɗa falange ko faifan katako a ƙarƙashinta, a barbaɗa masa yashi. Kowace safiya a kankare shi cikin bokiti a fitar. Minti biyu ne.

Sai mazubin ruwa. A zubar da ruwan jiya a waje, a cuɗa cikinsa da soso har santsin nan ya fita, domin a cikin santsin ƙwayoyin cuta ke zama. A rataye shi ko a ɗora shi a kan bulo yadda bakinsa zai yi daidai da gadon bayan kaza, a riƙa ɗaga shi yayin da suke girma. In ya yi ƙasa, za su tona shimfiɗa su cika shi, su kuma taka shi ya kife. Duk inda aka ga ya jiƙe, a kwashe da shebur har ƙasa, a cike gurbin da sabo. Zuba busasshe a kan jiƙaƙƙe ɓoye matsala ne kawai.

Wurin saka ƙwai a duba shi kullum: akwati ɗaya mai santimita 30 ta kowane gefe ga kaji huɗu zuwa biyar. In ƙwai ya fashe a ciki, a canza ciyawar nan take, in ba haka ba kaji su koyi shan ƙwai. Kazar da ta gama kwanci, a kwashe shimfiɗar da ta zauna a kai a ƙone, a nan ƙwari suka fi taruwa.

Sau biyu a mako a bi ɗakin da manjagara a juya shimfiɗar har ƙasa, a farfasa duk inda ya fara daskarewa, musamman bakin ƙofa, kewayen mazubai da kusurwoyi. Akwai dabara mai sauƙi: a watsa tafin hannu ɗaya ko biyu na dawa ko gero a kan shimfiɗar da yamma, kajin da kansu za su yi juyin. Sau ɗaya a mako a wanke mazubin abinci da omo, a shanya shi ya bushe sarai kafin a zuba abinci, a share yanar gizo-gizo da ƙurar da ta toshe raga. Ragar da ƙura ta toshe iska ba ta ratsa ta yadda ya kamata.

Gwaji biyu da ba sa buƙatar na'ura

Na farko da hannu. A sa safar hannu, a damƙi shimfiɗa a matse, a buɗe. In ta ɗan haɗu sannan ta warwatse, daidai take, laimarta na wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. In ta zauna a dunƙule kamar curin fura, ta jiƙe da yawa. In ko kaɗan ba ta haɗu ba, ƙura kawai ke tashi, ta bushe fiye da kima.

Na biyu da hanci, kuma da sassafe ake yinsa kafin a buɗe ɗakin iska ta shiga. A durƙusa a kai fuska daidai tsayin kan kaza. Zarnin da ake ji iskar amoniya ce da ƙwayoyin halitta ke fitarwa daga jiƙaƙƙen kashi, kuma a kusa da shimfiɗa ta fi ƙarfi. In ido ya yi yaji, to kajin sun kwana a cikin abin da ke ƙona musu ido da maƙogwaro. Maƙogwaron da ya ƙone shi ke buɗe wa mura da sauran cututtukan numfashi ƙofa. Mai kiwo na sabawa da warin har ya daina ji, don haka yana da kyau wani daban ya riƙa shiga lokaci-lokaci.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure: su ji wari sai su zuba toka ko farar ƙasa a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Dukansu biyu ƙara sakin amoniyar suke yi, kuma sinadarin da ke tashi shi ne ƙarfin takin da za a sayar gobe. A kwashe jiƙaƙƙen, a ƙara sabo, a buɗe iska. In kuma ba yoyo, ba cunkoso, amma ɗakin na jiƙewa, a dubi kashin. Gishiri ya yi yawa a abinci, tsananin zafi, ko ciwon hanji, duk suna sa kaza zawo. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana kuma cin tafin ƙafa har ya yi gyambo, tana zubar da gashin ƙirjin kajin nama.

Babban wanki

Masu kajin nama suna yinsa bayan fitar kowane rukuni. Masu kajin ƙwai da na gida, in ana juyawa ana ƙara sabo a kai, shimfiɗa kan kai wata shida. Lokaci mafi dacewa shi ne Afrilu ko farkon Mayu kafin ruwa ya sauka, da kuma Oktoba bayan ya ɗauke. A zaɓi ranar da ake rana sosai, a fara da hantsi. Kayan aiki: shebur, baro, tsintsiya, burushi mai tauri, abin kankara, bokiti, omo, maganin kashe ƙwayoyin cuta, takunkumi, safar hannu da takalmin roba. Yara da masu asma su yi nesa.

Mataki na 1. A fitar da kajin zuwa inuwa da ruwansu, a fitar da duk abin da ke ɗaukuwa: mazubai, sanduna, akwatunan ƙwai.

Mataki na 2. A ɗan yayyafa wa shimfiɗar ruwa don kada ƙura ta tashi, a kwashe ta gaba ɗaya a kai nesa da ɗakin.

Mataki na 3. Busasshiyar shara, daga sama zuwa ƙasa: rufi, azara, raga, bango, sannan daɓe. A kankare duk kashin da ya manne. Wannan matakin ne ake yi wa ha'inci, alhali a kansa sauran suka dogara.

Mataki na 4. A jiƙa ko'ina da ruwan omo, a bar shi minti 20 zuwa 30 ya tausasa dattin, a goge da burushi, a ɗauraye da ruwa mai tsabta. A bari ya tsane. In aka fesa magani a kan ruwa kwance, an ƙara tsarma shi ke nan.

Mataki na 5. Magani. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan datti, kashin kaji na cinye ƙarfinsa tun kafin ya taɓa bango. In ruwan bilic ne irin su Hypo ko Jik, a duba jikin robar. In an rubuta 3.5%, a haɗa awo ɗaya da awo shida na ruwa don daɓe da bango. Na mazubai kuwa cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya ya isa, a jiƙa su minti 10, a ɗauraye sosai. In Virkon S ne, giram 10 a lita ɗaya. In Izal ne ko wani daban, a bi abin da aka rubuta a jikinsa, kada a auna da ido. Ana buƙatar kimanin mililita 300 a kowane murabba'in mita, don haka ɗakin misalinmu, da bango da rufi da daɓe, zai ci kusan lita 13, ƙasa da cikin famfon feshi ɗaya na goyo. Wurin ya zauna a jiƙe da maganin aƙalla minti 10. Kada a haɗa bilic da wani magani, kada a zuba shi a kan tarin kashi, hayaƙin da ke fitowa guba ne. A haɗa na ranar kawai, domin wanda ya kwana ya rage ƙarfi. Bilic kuma yana cin ƙarfe. Famfon da aka taɓa fesa maganin ciyawa da shi kada ya shigo ɗakin kaji.

Mataki na 6. Bushewa. A buɗe ƙofa da tagogi, a baza kayan a rana. A lokacin ne za a liƙe duk tsagar bango da siminti ko yaɓe, a shafe shi da farar ƙasa. In sababbin kaji za a zuba, a bar ɗakin babu kowa kwana 10 zuwa 14. In tsofaffin ne za su koma, sai daɓen ya bushe sarai kuma warin magani ya fita.

Mataki na 7. A zuba sabuwar shimfiɗa, a mayar da kaya, a shigo da kaji.

Daɓen ƙasa ba a wanke shi da ruwa, laka za a yi. A kankare santimita 3 zuwa 5 na samansa a fitar, a zuba sabuwar jar ƙasa ko marmara, a daɓe, a bari ya bushe. Sannan a barbaɗa farar ƙasa sama-sama, a rufe ta da shimfiɗa yadda ƙafar kaza ba za ta taɓa ta ba, don wadda ake shafe gini da ita tana ƙuna.

Ƙwayar da ke kawo zawon jini tana da taurin kai. Ƙwanta na fita a cikin kashi, ya nuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu in ya sami ɗumi da laima, kuma bilic ba ya kashe shi. Kwashewa, kankarewa, tafasasshen ruwa a kan siminti da bushewa su ne maganinsa. Ƙwayar gumboro, wata cuta da ke kama ƙananan kaji, ita ma takan yi watanni a ɗakin da ba a wanke da kyau ba.

Ƙwarin da ke ɓuya a ɗaki

Kazar da ke ƙin shiga ɗaki da magariba, zankonta ya yi fari, ƙwai ya ragu, a zargi masu shan jini da dare. Akwai jan ƙwaro ɗan mitsitsi da ke wuni a tsagar sanda, da kaskar kaji da ke maƙalewa a tsagar bangon ƙasa, wadda kan daɗe ƙwarai ba ta ci ba kuma ba ta mutu ba. A shiga da tocila da dare, a goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar. In an ga jan zane, suna nan. Ƙuma kuwa a fuska da kewayen ido take mannewa, amma 'ya'yanta a shimfiɗa suke girma, shi ya sa shafa wa kazar magani kaɗai ba ya raba ta da ita.

A kwashe shimfiɗar a ƙone, a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗar katako, a fesa maganin ƙwarin da aka yi domin dabbobi a cikin kowace tsaga bayan an fitar da kajin, a maimaita bayan kwana 7, saboda ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe. A tambayi likitan dabbobi kwana nawa za a dakata da cin ƙwai da nama. Fiya-fiya da baƙin man mota ba kayan ɗakin kaji ba ne. Basilin ya isa a shafa wa ƙumar fuska da ƙafa mai ɓamɓaroki. A kuma ajiye musu tsohuwar taya ko daro cike da yashi kashi biyu, tankaɗaɗɗiyar toka kashi ɗaya, inda ruwa ba ya taɓawa, su riƙa birgima. Nan ne amfanin toka yake.

Damina, hunturu da 'yan tsaki

A Yuli da Agusta iska kanta cike take da laima, shimfiɗa ba ta bushewa da wuri. A riƙa juyawa kullum, a ƙara kauri, a saki labulen buhu ta gefen da ruwa ke bugowa kawai, a naɗe shi da zarar an ɗauke.

A hunturu matsalar daga mai kiwo take fitowa. Tsoron sanyi kan sa a naɗe ɗakin da leda ko tamfol ruf, sai zarni ya rasa hanyar fita. A rufe gefen arewa da gabas inda iskar ke kaɗowa, a bar tazarar santimita 20 zuwa 30 a buɗe a can sama ƙarƙashin rufi. In ƙura ta yi yawa, a fesa ruwa kaɗan kamar raɓa, a juya. Lokacin ne kuma cutar Niyukasil, wata annoba mai saurin kashe kaji, ta fi yi wa kajin gida ɓarna, kuma tsabta ba ta maye gurbin rigakafinta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na yin rigakafin, a nema ta hannun likitan dabbobi tun kafin sanyi ya shigo.

'Yan tsaki sabuwar shimfiɗa ake zuba musu, ba ragowar ta manya ba. A rufe ta da kwali ko takarda mai kaushi kwana uku zuwa biyar na farko har su gane abinci, sannan a cire. Takarda mai santsi na sa ƙafafunsu su baje. Masu ɗumama su da gawayi su ɗora murhun a kan bulo, su kewaye shi da raga, su bar kafar iska. Busasshen buntu na cin wuta a hankali ba tare da an lura ba, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kuma na kashe tsaki da mutum.

In kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a dakata da shara, kada a fitar da taki ko a sayar da ragowar, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a Fabrairun 2006 a Jihar Kaduna, tana bin kashi, takalmi da buhuna daga gida zuwa gida, kuma tana iya kama mutum. Mushe a ɗauke shi da leda a hannu, a binne a rami mai zurfin mita ɗaya ko a ƙone, kada a jefa a bola. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuma ta yi kwana 14 a ware kafin ta shiga cikin sauran.

Abin da aka kwashe

Ɗanyen kashin kaji na ƙona shuka, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa mutum gudawa, don haka ba a zuba shi kai tsaye a kan latas, alayyafo ko tumatir. A tara shi nesa da ɗakin da kuma rijiya, tudu mai tsayin mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. A yayyafa ruwa har ya yi laima ba tare da yana ɗiga ba, a rufe da tsofaffin buhuna. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa zai ɗauki zafin da ya kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, tsutsar ƙuda da irin ciyawa. A soka rodi a bar shi minti biyar. In an zaro shi da zafin da hannu ba ya jurewa, aiki na tafiya. In da sanyi, ko tarin ya bushe ko ya yi ƙanƙanta. A juya shi kowane kwana 7 zuwa 10, na gefe ya koma tsakiya. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, zarnin ya tafi. Na ɓawon katako ya fi na buntu da ciyawa buƙatar haƙuri, in an ga guntayen katako ba su canza launi ba a ƙara masa lokaci. Wanda za a sayar wa masu noman rani a shanya shi tukuna, a zuba a buhu, a jera a kan katako ƙarƙashin rumfa, domin ruwan sama na wanke ƙarfinsa.